Kwabo Ɗaya a Mako: Abin da Ya Riƙe Farkaswar Wesley Bayan Taro Ya Watse

A watan Fabrairu na shekarar 1739, wani matashin limamin Cocin Ingila mai suna George Whitefield, ɗan shekara 24, ya tsaya a fili a Kingswood da ke gefen birnin Bristol, ya yi wa masu haƙar kwal wa'azi. Mutane ne da birni ke tsoro, limamai kuma ba sa zuwa inda suke. Ranar farko kimanin mutum 200 suka saurare shi, kafin 'yan makonni taron ya kai dubbai. Shi da kansa ya ba da labarin yadda hawaye ke tsaga farin layi a fuskokin da ƙurar kwal ta baƙanta. Da tafiya ta kama shi, sai ya kira abokinsa na jami'ar Oxford, John Wesley, ya zo ya riƙe aikin. Wesley mutum ne mai son ƙa'ida, kuma a ganinsa wa'azi a wajen ginin coci abu ne da bai dace da limami ba. Duk da haka, ranar 2 ga Afrilu ya daure ya yi wa mutum wajen 3,000 magana a bayan gari.

Wannan shi ne abin da Kiristocin ƙasar Hausa ke kira farkaswa: lokacin da wa'azi ke ratsa zukatan jama'a da yawa a tare, mashayi ya ajiye kwalba, wanda ya shekara ashirin bai taka majami'a ba ya durƙusa yana kuka. Tarihin Kirista cike yake da irin waɗannan ranaku, kuma mafi yawansu sun zama wutar kara. Mai wa'azi ya wuce gari na gaba, sabon tuba ya koma gidansa da abokansa na dā da talaucinsa na dā, bayan wata shida kuma a same shi inda aka tarar da shi.

Farkaswar Ingila ta ƙarni na 18 tana da amfani wajen fahimtar wannan matsala, domin mutum biyu ne suka jagorance ta a lokaci guda, kuma abin da suka bari ya bambanta. Whitefield ya fi Wesley iya magana nesa ba kusa ba. Ya je Amurka sau bakwai, kuma Benjamin Franklin, da ya saurare shi a Philadelphia, ya ƙiyasta cewa muryarsa za ta iya kai wa mutum 30,000. Amma da ya rasu a shekarar 1770, bai bar wata ƙungiya tasa da ta yi daidai da yawan waɗanda suka tuba a gabansa ba. Da Wesley ya rasu a 1791, akwai sama da mutum 70,000 a Biritaniya da Ayaland da sunayensu ke rubuce a littattafan ƙungiyarsa, da wasu fiye da 50,000 a Amurka. Akwai wata ruwaya da ta yaɗu a tsakanin mabiya Wesley, cewa Whitefield a ƙarshen rayuwarsa ya kamanta mutanensa da igiyar da aka tufka da yashi, yana mai yaba wa abokinsa da ya haɗa nasa a ƙananan rukunai. Ko ya faɗa ko an faɗa masa a baki, ruwayar ta nuna inda bambancin yake.

Bashin da ya haifi aji

Tun kafin Kingswood, Wesley ya san darajar ƙaramin taro. A Oxford yana cikin wasu ɗalibai da ke haɗuwa don addu'a da karatu da ziyarar fursunoni, har abokan karatu suka laƙaba musu sunan Metodis, wato masu bin tsari, don ba'a. A Landan kuma ya zauna da 'yan Morabiya, wasu Kiristoci da suka fito daga Jamus, waɗanda ke raba jama'arsu ƙananan da'irori. Saboda haka duk inda ya yi wa'azi yakan tara waɗanda suka amsa a cikin ƙungiya. Sai dai ƙungiyar da ta kai ɗaruruwa ta fi ƙarfin ido ɗaya, shi kuma kullum yana kan doki tsakanin Bristol da Landan.

Mafita ta zo ta hanyar kuɗi. A watan Mayu na 1739 an aza harsashin ɗakin taro a Bristol, wanda ake kira Sabon Ɗaki, kuma ginin ya bar bashi a wuyan Wesley. Ranar 15 ga Fabrairu 1742 manyan ƙungiyar suka zauna neman yadda za a biya. Wani da ake kira Kyaftin Foy ya ba da shawarar kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce masa da yawa ba su da ko kwabon. Sai ya ce a ba shi mutum goma sha ɗaya daga cikin mafi talauci, zai riƙa zagaya su kowane mako, wanda bai da shi zai biya masa, sauran masu hali kuma su yi haka. Aka raba ƙungiyar rukuni-rukuni na kimanin mutum goma sha biyu, kowane rukuni aka kira shi aji, aka ba shi shugaba.

Ba a daɗe ba masu karɓar kwabo suka fara dawowa da labari. Wanda ke shiga gidan mutum kowane mako yana ganin abin da mai wa'azi ba ya gani daga kan mumbari: wannan ya koma giya, wancan ba ya magana da matarsa, wata kuma tana kwance ba mai ba ta ruwa. Nan take Wesley ya gane cewa abin da ya daɗe yana nema ke nan. Cikin makonni kaɗan aka kai tsarin Landan, daga nan ya zama dole a kowace ƙungiya.

Ziyarar gida-gida ba ta ɗore ba, kuma Wesley ya bayyana dalilan. Tana cin lokacin shugaban da shi ma ma'aikaci ne. Da yawa daga cikin mambobi barori ne a gidajen iyayen gijin da ba sa son a zo musu da maganar addini. Idan kuma mutum biyu sun saɓa, ba a gane gaskiya sai an haɗa su ido da ido. Saboda haka aka juya tsarin, maimakon shugaba ya bi su, su ne za su zo wuri ɗaya sau ɗaya a mako, a ɗakin girkin wani ko a shagon wani.

Abin da ake yi a zaman aji

Zaman yakan ɗauki kimanin sa'a guda. A buɗe da waƙa da addu'a, shugaba ya fara faɗin halin da shi kansa ya kasance a ciki a wannan mako, sannan ya juya ga kowa ɗaya bayan ɗaya, ya kira sunansa, ya tambaye shi yadda ransa yake. Mutum ya faɗi inda ya yi nasara da inda ya faɗi, shugaba ya ba shi shawara ko ya tsawata ko ya ƙarfafa shi, a karɓi kwabo, a rufe da addu'a. Ba wurin darasi ba ne, kuma ba a buƙatar shugaba ya zama mai zurfin karatu. Masaƙa da maƙera da masu ɗinkin takalma sun riƙe azuzuwa, mata da yawa ma sun riƙe.

Ƙofar shiga tana da faɗi. Ƙa'idojin da John da ƙanensa Charles suka fitar a 1743 sun sa sharaɗi ɗaya tak, wato mutum ya kasance yana marmarin tsira daga zunubinsa. Ba a tambayar ɗarikarsa, ba a kuma jira sai ya ce ya sami tabbacin ceto. Amma wanda ya shiga dole ne marmarin nan ya bayyana ta hanya uku: ya guji cutarwa, ya yi alheri iyakar ƙarfinsa, ya lizimci sujada da Jibin Ubangiji da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki da azumi. Cikin abubuwan da aka hana akwai maye, da sayen kayan fasa-ƙwauri, da cin riba mai yawa, da karɓar bashin da mutum ya san ba zai iya biya ba. Wannan faɗin ƙofa yana da muhimmanci ga fahimtar tsarin. Mutane da yawa wa'azin fili ya girgiza su ne kawai, tabbacin bangaskiyar da suke nema kuwa sai bayan watanni ko shekaru a cikin aji suka same shi.

Ga waɗanda suke son su ƙara zurfi akwai ƙaramar da'ira ta mutum biyar ko shida, maza daban, mata daban, masu aure daban da marasa aure. A nan tambayoyin sun fi tsanani: wane zunubi ka aikata tun haɗuwarmu ta ƙarshe, wace jaraba ta zo maka, yaya ka kuɓuta. Akwai kuma wani zama na musamman don waɗanda suka ja da baya suna so su dawo. Tsarin ya ɗauka tun farko cewa mutane za su faɗi, ya kuma tanadar musu hanyar komawa.

Tikiti da kora

Kowane wata uku, Wesley ko ɗaya daga cikin mataimakansa yakan gana da mambobi, ya ba kowa ƙaramin tikiti mai ɗauke da sunansa. Da tikitin ake shiga tarukan cikin gida, irin su bukin ƙauna, inda ake raba burodi da ruwa ana ba da shaida. Wanda ya daina zuwa aji ko ya ƙi gyara halinsa ba a yi masa shari'a a bainar jama'a, sai dai a hana shi sabon tikiti.

Littafin tarihin tafiye-tafiyen Wesley ya ajiye lissafin wata tankaɗe da ya yi a Newcastle a watan Maris na 1743, inda ya cire mutum 64. Goma sha bakwai saboda maye, biyu saboda sayar da barasa, biyu saboda zagi da rantse-rantse, biyu saboda keta ranar hutu, uku saboda faɗa, uku saboda ƙarya, huɗu saboda ɓatanci, ɗaya saboda lalaci, ɗaya saboda dukan matarsa. Sauran 29, kusan rabi, laifinsu sakaci ne da rashin ɗaukar al'amarin da muhimmanci. Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi bayyana abin da Wesley ke tsoro. Babban zunubi yana kashe farkaswa a mutum ɗaya-ɗaya, amma sanyin jiki yana kashe ta a jama'a baki ɗaya ba tare da kowa ya lura ba.

Tsarin ya jawo suka tun a lokacin. Wasu limaman Cocin Ingila sun ce ikirarin Katolika ne aka shigo da shi ta bayan gida, aka kuma damƙa shi a hannun jahilai. Wasu mambobi sun ce ba za su iya buɗe cikinsu a gaban maƙwabta ba. Akwai shugabannin aji da suka zama masu tsanani ko masu maimaita magana ɗaya kowane mako, Wesley kuma yakan sauke su.

Abin da ya ɗaure azuzuwa wuri ɗaya

Aji shi kaɗai zai iya rufe ƙofa ya zama ƙungiyar asiri, don haka aka ɗaure shi da wasu igiyoyi. Ta farko ita ce masu wa'azin rangadi. Limamai kaɗan ne suka bi Wesley, sai ya koma ga mutanen gari, irin su Thomas Maxfield da John Nelson, magini mai sassaƙar dutse. A watan Yuni na 1744 ya kira babban taro na farko a wata tsohuwar maƙerar igwa da ya saya a Landan, inda limamai shida da masu wa'azi huɗu suka zauna. Daga 1746 aka raba ƙasa gunduma-gunduma, kowane mai wa'azi ya zagaya tasa, bayan shekara ɗaya ko biyu a canja masa wuri. Ta haka jama'a ba ta rataya ga mutum ɗaya ba, shugaban aji kuma ya san cewa akwai mai zuwa ya duba littafinsa.

Ta biyu ita ce waƙa da karatu. Charles Wesley ya rubuta waƙoƙi sama da 6,000, kuma littafin waƙoƙin 1780 mai waƙa 525 an jera shi ne bisa matakan rayuwar mai bi, daga neman tuba zuwa faɗuwa da tashi. Wanda bai iya karatu ba ya haddace koyarwa ta baki. John kuma ya taƙaita littattafan magabata ya buga su a mujalladi 50 tsakanin 1749 da 1755, ya kuma umarci masu wa'azinsa su riƙa karatu sa'o'i da dama kullum, su kuma ɗauki littattafai a jakar sirdi su sayar.

Ta uku ita ce aljihu. Da bashin gini ya ƙare, kwabon mako ya koma ga matalauta da ɗawainiyar aikin. A Landan aka naɗa masu ziyarar marasa lafiya, a 1746 aka buɗe ɗakin ba da magani kyauta, aka kuma kafa asusun rance da ke ba ƙaramin mai sana'a har fam ɗaya ya biya cikin wata uku. Mutumin da ya tuba ranar Lahadi ya sami waɗanda suka san ko yana da abin kai wa baki ranar Laraba.

Gwaji daga ɓangare biyu

A farkon shekarun 1760 wani sabon zafi ya taso a ƙungiyar Landan. George Bell, tsohon soja, ya fara da'awar cikakkiyar tsarki da warkarwa, har ya yi annabci cewa duniya za ta tashi ranar 28 ga Fabrairu 1763. Wesley ya nesanta kansa da shi a fili, Maxfield kuma ya fice da kimanin mutum 200. Ƙungiyar ta ji ciwo, amma azuzuwa sun ci gaba da zama.

A watan Agusta na wannan shekara Wesley ya ratsa yankin Pembrokeshire a Wales, ya rubuta abin da ya gani na ɗaya ɓangaren. An shekara ashirin ana wa'azi a wurin, amma ba a kafa ƙungiyoyi masu tsari ba, kuma a ƙiyasinsa tara cikin goma na waɗanda suka taɓa farkawa sun koma barcin da ya fi na dā nauyi. Ya yanke cewa wa'azi ba tare da haɗa mutane da renonsu ba haifa wa mai kisa 'ya'ya ne.

Adalci ya sa a ambaci cewa ɓangaren Whitefield bai rasa masu tsari gaba ɗaya ba. A Wales ɗin, Howell Harris da Daniel Rowland, waɗanda suka fi kusa da shi a aƙida, sun kafa nasu ƙananan tarukan ba da shaida, kuma daga cikinsu ne ɗarika mai ƙarfi ta fito wadda ta mamaye ƙasar a ƙarni na 19. Wannan ya ƙara tabbatar da batun: duk inda farkaswa ta ɗore, ko wace aƙida ce, an sami ƙaramin taro mai maimaituwa a ƙarƙashinta.

Shaida mafi ƙarfi ta fito ne daga gaɓar Afirka ta Yamma. A 1792, kusan baƙaƙen fata 1,200, mafi yawansu tsofaffin bayi da suka bi Biritaniya a yaƙin 'yancin Amurka, suka taso daga Nova Scotia suka kafa Freetown a Saliyo. Da yawansu 'yan Metodis ne, ƙarƙashin masu wa'azi irin su Moses Wilkinson, makaho kuma gurgu. Sai a 1811 babban taro na Ingila ya aiko musu da limamin mishan, wanda ya tarar da ikilisiya a tsaye, tana sujada tana zaman aji. Daga wannan jama'a ne wasu 'yantattun bayi Yarabawa suka koma gida suka nemi a aiko musu malami, abin da ya kawo Thomas Birch Freeman Badagry a watan Satumba na 1842.

Yadda ajin ya mutu

Tsarin da ya kare farkaswa ta farko ya yi wa ta biyu ƙunci. Bayan rasuwar Wesley, babban taro ya koma hannun limamai masu tsoron hargitsi. A 1803 aka taƙaita wa'azin mata, duk da cewa Wesley ya yarda da irin su Sarah Crosby da Mary Bosanquet. Da Hugh Bourne da William Clowes suka shiga tarukan kwana a fili, farawa da na tudun Mow Cop a 1807, sai aka kore su, suka kafa nasu reshe a 1811. Abin lura shi ne sabon reshen ma azuzuwa ya kafa.

Wesley ya hango wani haɗarin tun 1786. Ya lura cewa addini na gaskiya yana haifar da ƙwazo da tsimi, su kuma suna haifar da dukiya, dukiya kuma tana kawo girman kai da son duniya, har siffar addini ta rage ruhinsa ya tafi. Haka kuwa aka yi. Jikan mai haƙar kwal da ya zama mai kanti bai ga dalilin da zai zauna gaban masaƙi ya faɗi laifinsa ba. 'Ya'yan da aka haifa cikin ɗarika ba su da labarin tuba da za su riƙa bayarwa, sai amsoshi suka zama hadda. A Amurka, limamin da ya zauna gari ɗaya ya maye gurbin mai rangadi, ya karɓe aikin shugaban aji, makarantar Lahadi kuma ta maye gurbin zaman tambaya da zaman darasi. A 1866 reshen kudancin Amurka ya daina ɗaukar halartar aji a matsayin sharaɗin zama mamba, Biritaniya ma ta bi baya a farkon ƙarni na 20.

Masana tarihi sun daɗe suna gardama kan abin da tsarin ya yi wa talakan Ingila. Élie Halévy na Faransa ya ga cewa ya taimaka wajen hana juyin juya hali irin na ƙasarsa. E. P. Thompson ya zarge shi da horar da ma'aikata su yi wa masu masana'anta biyayya. Wasu kuma sun nuna cewa a aji ne talaka ya koyi magana a gaban mutane da riƙe littafin kuɗi, kuma George Loveless, jagoran manoman Tolpuddle da aka kora zuwa Ostireliya a 1834 saboda kafa ƙungiyar ƙwadago, mai wa'azin Metodis ne. Dukansu sun yarda a kan abu ɗaya, cewa zaman ya canja mutanen da suka lizimce shi.

Coci-coci da yawa a yau, daga Seoul zuwa Legas, sun dawo da taron gida na mako-mako, wasu kuma suna ambaton Wesley a matsayin mafarinsa. Galibinsu darasi ake yi ko maimaita wa'azin Lahadi. Ajin 1742 ya tsaya ne a kan abubuwa masu wuya fiye da haka: adadi kaɗan da kowa zai sami lokacin magana, shugaba daga cikin jama'a wanda shi ke fara faɗin nasa rauni, tambaya da ake yi wa mutum da sunansa, sakamako ga wanda ya daina zuwa, hanyar dawowa ga wanda ya faɗi, da kwabon da mai hali ke biya wa maras hali. Da aka sassauta tambayar da sakamakon, sauran sun bi su a hankali cikin ƙarni guda. Sabon Ɗakin Bristol, wanda bashinsa ya fara komai, yana nan tsaye har yau, shi ne ginin Metodis mafi tsufa a duniya.